Yadda Ake Sake Wa Daftarin Ƙa'idar Aika Imel Tsari Ba a Ɓarar da Ma'anarsa Ba

Jumla ɗaya ce ta koya mini wannan aikin. Ko wasali ban taɓa a cikinta ba. Ɗaga ta kawai na yi daga inda take na kai ta shafi huɗu baya, don a ganina can ne 'yan'uwanta suke. Daftari ne da muke rubutawa mu kaɗan, kan yadda sabobin wasu ma'aikatu (saba ita ce kwamfutar da ke karɓar imel ta tura shi gaba) za su riƙa miƙa wa juna saƙon imel, kuma ni aka ɗora wa gyaran tsarinsa. Jumlar tana cewa saba tana iya cika adireshin da ya zo guntu a kan saƙo. A mazauninta na asali tana ƙarƙashin kanun da ke magana kan sabar farko, wadda ke karɓar saƙo daga hannun marubucinsa. Inda na kai ta kuwa, kanun ya haɗa kowace saba ce. Wani abokin aiki ya karanta sabon bugun, ya rubuta manhajarsa daidai da abin da ya gani, sai ga sabar tsakiya tana gyara layin From na saƙonnin da aka riga aka sa wa hannu da DKIM, wato sa hannun na'ura mai tabbatar da ba a canza saƙo a hanya ba. Sa hannun ya daina tabbata, saƙonni suka riƙa faɗawa kwandon shara. Mun yi kwanaki muna tuhumar manhajar bawan Allah, alhali shi bai ƙetare ko layi ɗaya na takardar ba. Ni ne na canza dokar, ban kuma san na canza ba.

Tun daga ranar nake ɗaukar mazaunin jumla a matsayin wani ɓangare na ma'anarta. Abin da zan bayyana a nan shi ne hanyar da nake bi yanzu, kuma zan riƙa ɗauko misali daga RFC 5321 ta Oktoban 2008, takardar SMTP, wato ƙa'idar da sabobi ke bi wajen aika imel, saboda kowa zai iya buɗe ta ya duba da idonsa. RFC shi ne sunan jerin takardun da ake wallafa ƙa'idojin intanet a ciki, kowace da lambarta.

Fara da tambayar ko aikin ya cancanta

Duk wanda ya karanta ƙa'idar SMTP karon farko sai hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Shafi 95 ne, kuma za ka ga magana ɗaya a wuri uku. Amma ruwa ba ya tsami banza. Jon Postel ya rubuta RFC 821 a Agustan 1982. A 1986 RFC 974 ta zo da yadda ake nemo sabar da za a kai wa saƙo ta bayanan MX, masu faɗin wace saba ce ke karɓar imel ɗin kowane domen, wato ɓangaren adireshi da ke bayan alamar @. A 1989 RFC 1123 ta yi wa ta farkon gyare-gyare da ƙarin sharuɗɗa a babinta na biyar. RFC 1869 ta 1995 ce ta zaunar da EHLO, umarnin gaisuwar da mai aikawa ke fara zance da shi, da tsarin ƙara wa SMTP sababbin abubuwa. Sai a Afrilun 2001 aka tattaro waɗannan duka aka ɗinke su a RFC 2821, John Klensin ne editan, shi ne kuma ya sake fitar da ita a matsayin 5321. Gida ne da aka yi ta ƙara wa ɗakuna shekara da shekaru, kowane ɗaki da rigimar da ta sa aka gina shi.

Saboda haka kafin ka taɓa komai, zauna ka rubuta ƙorafin a fili. Wane mai karatu ne ya ɓace, a ina, yana neman me? “Tsarin bai yi kyau ba” ba ƙorafi ba ne. Ƙorafi shi ne ka ce mai rubuta manhaja ya nemi sanin ko manyan haruffa da ƙanana ɗaya suke a adireshi, sai da ya leƙa sashe huɗu kafin ya haɗa amsa. Idan ka kasa kawo irin wannan ko guda biyar, a bar kaza cikin gashinta. Idan ka kawo, wannan jerin shi ne ma'aunin da za ka gwada sabon tsarin da shi daga baya, don haka ka adana shi.

Duba kuma matakin da takardar take nema. Tun da RFC 6410 ta 2011 ta mayar da matakan ƙa'idojin IETF (ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin intanet) biyu, takardar da ke son hawa matakin ƙarshe dole ta zama tana siffanta abin da aka riga ake aiki da shi ne a ko'ina. Wannan ne aikin da aka kafa kwamitin EMAILCORE a 2020 ya yi wa 5321 da 5322, 'yar'uwarta mai magana kan sigar saƙo. A irin wannan yanayi duk wani babban garambawul yana jawo tambaya guda: yaya za mu tabbatar ba sabuwar ƙa'ida kuka rubuta ba? Daftarin da yake bugu na 00 ko na 01 kuwa, wanda ba a gina komai a kansa ba tukuna, ka sake shi yanzu tun yumɓun bai bushe ba.

Ƙidayar hukunce-hukunce

Nan ne aikin yake, nan ne kuma mutane suke tsallakewa. Cikin takardar akwai kalmomi na musamman da RFC 2119 ta Scott Bradner ta ayyana a 1997, RFC 8174 ta 2017 kuma ta ƙara da cewa sai an rubuta su da manyan haruffa suke da wannan nauyin. MUST wajibi ne. MUST NOT haramci ne. SHOULD ya fi mustahabbi ƙarfi nesa, domin ba ka barinsa sai da dalilin da ka fahimci abin da zai biyo bayansa. MAY kuma zaɓi ne, in ka so.

Buɗe jadawali. Kowace jumla mai ɗauke da ɗaya daga cikin kalmomin nan ta samu layinta da lambarta. A gefenta ka rubuta sashen da take, ƙarfin hukuncin, sannan ginshiƙai biyu da suka fi komai muhimmanci: wa hukuncin ya hau, kuma a wane hali. Umarnin grep, mai nemo kalma a cikin rubutu, zai zaro maka jumlolin cikin ƙiftawar ido. Ginshiƙan nan biyu kuwa ba na'urar da za ta cika maka, sai ka karanta sakin layin da ke sama da kanun da ke bisa kansa.

Dalili shi ne a harkar imel ba saba iri ɗaya ba ce. Akwai mai karɓa daga hannun marubuci, wadda RFC 6409 ta keɓe wa ƙofa ta 587, wato lambar mashigar da saba ke sauraro a kanta. Akwai mai miƙawa, wadda ke tsakiya tana karɓa a ƙofa ta 25 ta tura gaba. Akwai mai tsallakarwa, wadda ke fitar da saƙo daga duniyar SMTP zuwa wani tsari dabam ko ta shigo da shi. Akwai ta ƙarshe mai sa saƙo a akwatin mai shi. Abin da ya halatta ga wannan haramun ne ga waccan. Sashe na 3.6 na 5321 ya hana mai miƙawa taɓa kan saƙo ko cikinsa, in ban da ta ƙara layin Received nata, ko ta duba ko saƙon yana zagaye ne a wuri ɗaya. Sashe na 3.7, maƙwabcinsa na jikin bango, ya yarda mai tsallakarwa ta sake rubuta layukan kan saƙo idan ta kama. Ka haɗe sassan nan biyu ƙarƙashin kanu ɗaya don ka ga sun yi kama, ka gama ɓata takardar.

Kada ka yarda da sunan babi. Babi na uku na 5321 yana kiran kansa bayani a taƙaice, amma cike yake da wajibai. Sashe na 2.3 na ma'anar kalmomi ne, inda kowa zai zaci ƙamus ne kawai, sai ga shi a 2.3.8 an haramta wa mai aikawa tura ɗaya daga alamomin yanke layi, CR ko LF, shi kaɗai, dole su tafi tare a matsayin ƙarshen layi. Ɗaya rabin wannan hukunci yana can nesa a 4.1.1.4, inda aka ce saba ba za ta ɗauki LF, ɗigo, LF a matsayin ƙarshen saƙo ba. Wanda yake ganin wannan tsofaffin surutai ne ya tuna Disambar 2023, lokacin da Timo Longin ya nuna yadda ake cusa saƙon jabu cikin wani saƙon saboda sabobi sun saɓa kan abin da suke ɗauka ƙarshen saƙo. Da wani edita ya ɗauki 2.3 ya taƙaita shi ya mai da shi rataye, da ya jefar da ƙofar gida ya bar tagogi.

Jadawalin zai gajiyar da kai. Ni nakan yi shi da fensir a kan takardar da na buga, sannan in kwafe a kwamfuta, don idona ya bi kowace jumla sau biyu. Wannan dai ɗabi'ata ce, ba sharaɗi ba.

Magana ɗaya, gida ɗaya

Da jadawalin ya cika, jera shi bisa batu maimakon lambar sashe. Nan take za ka ga abubuwan da suka warwatsu. Koma kan misalin haruffa. A 2.3.11 an ce ɓangaren adireshi da ke gaban alamar @ sabar da ke da domen ɗin ce kaɗai ke da ikon fassara shi. A 2.4 an ce dole a kiyaye bambancin manya da ƙananan haruffa a wannan ɓangaren. A 4.1.2 an shawarci mai karɓa ya guji ƙirƙirar akwatunan da suka dogara da wannan bambanci. A 4.5.1 kuma an ce sunan postmaster ko da wane irin harafi aka rubuta shi dole a karɓa. Huɗun nan ba su ci karo da juna ba, amma sai ka haɗa su kafin ka ga haka.

Ga kowane irin wannan tari, zaɓi sashe ɗaya ya zama gidan hukuncin. Sauran wuraren su yi nuni zuwa gare shi, kada su sake faɗinsa da wasu kalmomin. Maimaici a takardar ƙa'ida bashi ne, domin ranar da aka gyara ɗaya aka manta ɗayan, takardar ta yi baki biyu, kowane mai manhaja kuma zai riƙe wanda ya yi masa daɗi. Amma a wannan matakin alama kawai za ka sa. Kada ka haɗe su tukuna, zan faɗi dalili.

Wani maimaicin ya ƙetare iyakar takarda. Layin Received ana bayanin sigarsa a sashe na 4.4 na 5321, ana kuma yi a 3.6.7 na 5322, takardar Pete Resnick kan sigar saƙo. Tsawon layi ma haka. Ta farko ta ce baiti 1000 har da CR da LF, ta biyu ta ce haruffa 998 ban da su. Lissafi ɗaya ne, kowa ya ƙirga daga ɓangarensa. Idan daftarinka yana da tagwai irin wannan, ka nemi editan ɗaya takardar tun da wuri ku yanke wa zai riƙe me. Ƙa'idar da nake bi mai sauƙi ce: abin da ya shafi ambulan, wato MAIL FROM da RCPT TO da zancen da sabobi biyu ke yi a tsakaninsu, na takardar sufuri ne. Abin da ke cikin ambulan na takardar siga ne. Received yana ba da wahala ne don sabobin hanya ne suke rubuta shi amma a jikin saƙon yake zama.

Zana ƙwarangwal, ka kai wa jama'a shi kaɗai

Yanzu ka rubuta sabon jerin kanu, babu nama a jiki, shafi ɗaya ko biyu. Ƙarƙashin kowane kanu ka sa lambobin jumlolin jadawalinka da za su koma can. Idan wata lamba ta rasa gida, ko ta dace da gida biyu, ƙwarangwal ɗin ne yake da matsala.

Hanya uku ake yawan bi. Ana iya bin zancen yadda yake gudana, daga gaisuwar 220 da saba ke buɗe zance da ita, zuwa EHLO, MAIL, RCPT, DATA, har QUIT. Wannan yana yi wa sabon shiga daɗi. Ana iya rabawa bisa rawar da kowace saba ke takawa, sai dai wannan yana haifar da maimaici mai yawa, tunda mai miƙawa mai karɓa ce a gefe ɗaya, mai aikawa a ɗayan. Ana kuma iya yin tsarin kundin dubawa, umarni bayan umarni. Ni dai na fi son gajeren babi mai ba da labarin zancen daga farko zuwa ƙarshe wanda babu wajibi ko ɗaya a cikinsa, sannan babin dubawa ya ɗauki duk hukunce-hukuncen. Na san wasu za su ce hukunci ba tare da dalilinsa a kusa ba yana saurin zama abin da ake watsarwa, kuma suna da gaskiya. Dubi minti 10 da aka ce mai aikawa ya jira bayan ya tura ɗigon ƙarshe. Lambar kaɗai ba ta gamsar da kowa. Abin da ke hana mai manhaja rage ta shi ne bayanin da ke manne da ita, cewa in ka katse da wuri alhali sabar ta riga ta karɓa, za ka sake aikawa, mutum ya samu saƙo biyu ko uku. Irin wannan dalilin duk inda lambar ta je ya bi ta.

A nan ne kuma ake yanke abin da zai fita daga takardar gaba ɗaya. Shawarwarin da ke canzawa da zamani, kamar yadda ya kamata a yi amfani da TLS mai ɓoye zancen sabobi a hanya, ko hanyoyin tantance mai aikawa, sun fi dacewa da wata takardar ta daban da za a iya sabuntawa ba tare da an taɓa ginshiƙin ba. EMAILCORE ma takarda ta uku suka buɗe don irin waɗannan. Babin tsaro da na IANA, hukumar da ke rajistar lambobi da sunayen da ƙa'idojin intanet ke amfani da su, kuwa ba naka ba ne ka ɓatar, dole su tsaya da sunansu.

Kai wa kwamiti ƙwarangwal ɗin shi kaɗai, a yi gardamar a gama. Gardama kan shafi biyu ta fi sauƙi a kan gardama kan shafi casa'in da ka riga ka kwana goma kana jerawa, kai ma kuma zuciyarka ba za ta yi maka nauyi wajen yarda a canza ba.

Bugun da ba a gyara komai a cikinsa

Idan za ka manta duk abin da na faɗa, riƙe wannan. Fitar da bugu guda wanda matsarwa ce zalla a cikinsa. Ko kuskuren rubutu ka gani, rubuta shi a gefe ka wuce. Ko jumla ta yi maka muni, ɗauke ta da muninta.

Dalilin na masu dubawa ne. Kayan kwatanta bugu biyu irin su rfcdiff suna nuna sakin layin da aka matsar tamkar an goge shi a nan an rubuta sabo a can. Da ka matsar da babi biyu, allon ya rine da launi daga sama har ƙasa, babu mai iya gane inda ka canza SHOULD zuwa MUST a tsakiyar wannan hayaniyar. Mutumin kirki mai lokaci kaɗan zai duba shafi biyar ya ce ya yarda. Haka ake shigar da canjin da babu wanda ya amince da shi, wani lokaci ma editan da kansa bai lura ba.

In matsarwa ce zalla, kana iya kawo hujja. Ga yadda nake yi. Nakan mayar da tsohon bugu da sabon zuwa rubutu tsura, in cire kanun shafi da lambobinsa, in sa kowace jumla a layinta, in jera layukan bisa haruffa da umarnin sort, sannan in kwatanta da diff. Abin da ya kamata ya fito shi ne kanun sassa da lambobin nuni kawai. Duk wata jumla da ta bayyana a gefe ɗaya babu ita a ɗayan, to ko ta faɗi a hanya ko hannuna ya taɓa ta. Sai in ƙirga MUST da SHOULD da MAY a bugun biyu, lissafin ya zo daidai. Idan kuna aiki da Git, manhajar da ke riƙe tarihin canje-canje, kowace matsarwa ta zama mataki guda mai bayaninsa, kuma ka sa wa git diff zaɓin --color-moved, zai bambanta maka layin da ya yi ƙaura da wanda aka sauya.

Abu ɗaya da za ka yi kafin wannan duka: tabbatar babu lambar sashe da aka rubuta da hannu a cikin tushen daftarin. A xml2rfc, manhajar da ke fitar da daftari daga tushensa, kowane sashe yana da laƙabi, nuni kuma da laƙabin ake yinsa, na'ura ce ke fitar da lambar. Tsofaffin daftarori sukan ɓoye “duba sashe na 4.2” da wani ya buga da yatsunsa shekaru da suka wuce. Farauto su duka ka mayar da su laƙabi a wani bugu na daban kafin ƙaura. Laƙabin kuma ya faɗi batu, kada ya faɗi lamba, don laƙabin da ake kira sashe-4-2 yana zaune a babi na shida abin dariya ne da zai rikita na bayanka.

Ɗinke bakin yanka

Bayan bugun ƙaura sai bugun ɗinki, kuma nan ne jumlata ta farko ta kashe ni. Gwajin sort ba zai kama irin kuskurena ba, tunda kalmomin ba su canza ba. Jadawalin ne zai kama. Bi shi layi layi, ka je sabon mazaunin kowace jumla, ka karanta ta kamar ba ka taɓa ganinta ba, ka tambayi kanka wa ta hau yanzu. Amsar ta yi daidai da abin da ka rubuta a ginshiƙin? In ba ta yi ba, ka sa sunan mai rawar a cikin jumlar kanta, ta daina jingina da kanu.

Sai ƙananan kalmomin nuni, su “wannan”, “waɗannan”, “kamar yadda aka faɗa a sama”, “in ba haka ba”. Sashe na 6.4 na 5321 ya lissafa gyare-gyaren da sabar farko za ta iya yi wa saƙo, kamar ƙara kwanan wata ko lambar shaidar saƙo in babu, sannan ya ce waɗannan canje-canje haramun ne ga mai miƙawa. Raba wannan jumlar da jerin da ke samanta, “waɗannan” ta koma nuna duk abin da ya faɗo gabanta a sabon wurin. Nemo irin kalmomin nan da na'ura, amma ka warware su da ido.

Duba kuma cewa ba a yi amfani da kalma kafin a ayyana ta ba. Nahawun ABNF, wanda RFC 5234 ta tsara don siffanta sigar umarni da adireshi, na'ura ba ta damu da jerinsa ba, amma ɗan Adam ya damu. Zaro duk ƙa'idojin nahawun daga sabon bugun ka sa manhajar dubawa ta tabbatar babu sunan da aka kira ba a ayyana ba, babu kuma wanda aka ayyana sau biyu.

Yanzu ne, a bugu na uku, za ka koma kan maimaicin da ka sa wa alama ka haɗe su, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da bayanin abin da ka cire da inda ya koma. Da ka haɗe su tun farko, da gwajin sort bai yi aiki ba.

A wannan bugun ne jarabar gogewa take zuwa. Za ka ci karo da abubuwan da suka yi kama da tarkace. A 4.5.3.1.10 akwai bayanin cewa RFC 821 ta yi kuskure ta ba da lambar amsa 552 ga sabar da adireshin masu karɓar saƙo suka yi mata yawa, alhali 452 ce daidai, don haka mai aikawa ya ɗauki 552 a wannan halin a matsayin matsala ta wucin gadi. Kuskuren 1982 ne ake ta ja har 2008. Sai ka ce me ya rage na amfaninsa? Amsar ba a kan teburinka take ba, tana wurin masu gudanar da sabobi, su ne suka san abin da har yanzu yake yawo a waya. HELO, tsohon umarnin gaisuwa da EHLO ya gada, shi ma an sa shi cikin ratayen tsofaffin abubuwa, amma an wajabta wa saba ta ci gaba da karɓarsa. Gogewa canjin ƙa'ida ce. Ka buɗe mata batu nata, kwamiti ya yanke, kada ka lulluɓe ta cikin sunan gyaran tsari.

Lambobin sassa adireshi ne

RFC in ta fito ba a sake taɓa ta, sai dai a rataya mata gyaran kuskure a gefe ko a fitar da sabuwa. Wannan ya sa mutane suke jingina da lambobin sassanta hankali kwance. Suna cikin bayanan da masu manhaja ke bari a tsakanin layukan aikinsu, suna cikin saƙon ƙin karɓa da wasu sabobi ke mayarwa, suna cikin wasu takardun. RFC 6531 ta 2012, wadda ta buɗe hanyar adireshi da haruffan da ba na ASCII ba, wato waɗanda ba sa cikin haruffan Turanci, a kan nahawun sashe na 4.1.2 na 5321 ta yi gini.

Ga abin da ƙaramar matsarwa take yi. A 2821, sashe na 3.6 kan sunayen domen yake, 3.7 na mai miƙawa, 3.8 na mai tsallakarwa. Da aka zo 5321 aka ɗauke batun domen zuwa 2.3.5, sai kowa ya matso da ɗaya. Yanzu in wani ya ce maka “ai 3.7 ta yarda”, sai ka tambaye shi ta wace shekara, domin a ɗaya takardar yana nufin wadda aka hana taɓa saƙo, a ɗayar kuma wadda aka yarje wa. A gefe guda, 4.5.3.1 ya ci gaba da zama gidan iyakoki a takardun biyu, aka dai ƙara masa ƙananan lambobi a ƙasa, shi ya sa mai neman baiti 64 na gaban @, ko 255 na domen, ko 512 na layin umarni, ko masu karɓa 100 da dole saba ta iya ɗauka, bai taɓa ɓacewa ba.

Don haka inda za ka iya, ƙara sabon sashe a ƙarshen babi maimakon tsakiyarsa. Inda ka kwashe sashe, kana iya barin kanun da layi ɗaya mai cewa ya koma wuri kaza, lambobin da ke bayansa su tsaya cik. Ba ya da kyan gani, na sani. Inda kuwa dole lambobi su canza, sa rataye mai ginshiƙi biyu, tsohuwar lamba da sabuwa, kuma ka nemi a bar shi har a bugun ƙarshe, kada a haɗa shi da tarihin canje-canjen da ake cirewa kafin fitarwa. Jadawalinka na farko ya riga ya yi maka rabin wannan aikin.

Gwaji da lokaci

Ɗauko jerin ƙorafin da ka adana. Nemi mutum biyu, ɗaya wanda ya haddace tsohon tsarin, ɗaya wanda bai taɓa buɗe takardar ba. Ba wa sabon tambayoyi na gaske, ka zuba masa ido ba tare da ka ce uffan ba. Minti nawa zan jira kafin in sake gwada saƙon da aka ce in dawo anjima? Ya kamata ya iso ga minti 30, da kwana 4 zuwa 5 kafin a haƙura. Layin Received nawa zan ƙirga kafin in ce saƙo yana zagaye? Ya iso ga aƙalla 100. Rubuta inda ya fara dubawa, domin can ne hankali ke zaton amsar take, ko da kai ba can ka sa ta ba. Tsohon hannun kuma ka roƙe shi abu ɗaya: ya nuna maka duk inda ya ji wata jumla ta yi ƙarfi ko ta yi sanyi fiye da yadda ya san ta.

Ba a fafa gora ranar tafiya. Kada ka fara wannan aiki ana gab da kiran ƙarshe na kwamiti, lokacin da mutane suka riga suka duba takardar a tsohon tsarinta, domin duk dubawar da suka yi ka zubar da ita. Ka kuma tuna daftarin IETF yana ƙarewa bayan kwana 185 in ba a sabunta shi ba, saboda haka bugu ukun nan su biyo juna kusa da kusa, kada bugun ƙaura mai ɗauke da nunin da ba a ɗinke ba ya zauna watanni a matsayin na baya-bayan nan, wani ya ɗauka ya fara gini a kansa. A saman bugun ƙaurar nakan sa gajeren gargaɗi cewa wannan na dubawa ne kawai, kada a rubuta manhaja da shi, in haɗa da sakamakon diff ɗin da aka jera da ƙidayar MUST ta bugun biyu, don mai shakka ya maimaita gwajin a kwamfutarsa.